Babur na Hannu: An Cuce Ka Ne, Ko Bashin Gyara Ka Gada?

Duk mai zama a bakin garejin babura ya san wannan ƙorafin. Mutum ya tara kuɗinsa da ƙyar, ya je wurin dillali, aka taka kik sau ɗaya babur ya tashi, ya zaga layi biyu da shi bai ji komai ba, ya biya. Kafin Juma'a biyu sai babur ya fara gardama da asuba, yana mutuwa a kan danja, sarƙa tana dukan murfinta, fetur kuma kamar a rariya ake zuba shi. Daga nan magana ta rabu biyu. Wasu su ce, "Ai sakiyar da ba ruwa aka yi maka, mataccen inji ka saya." Wasu su ce, "Haka na hannu yake, sai haƙuri." To wa ke da gaskiya? Kuma a cikin waɗannan matsaloli, wanne mai babur zai iya gyarawa da hannunsa a ƙofar gida, wanne ne dole sai bakanike?

A ganina, mafi yawan abin da ke fitowa a watan farko ba mutuwar inji ba ce. Gyare-gyare ne ƙanana da mai shi na da ya yi ta ɗagawa, tun daga ranar da ya ƙudurta a ransa cewa sayarwa zai yi. Hatsarin yana wurin wanda bai san haka ba, domin shi ake buɗe wa inji a kan matsalar da fulogi ɗaya zai kashe.

Me ya cika kasuwar na hannu?

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuma zuwa Oktoban 2024 ta wuce 1,000. Ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa suka jingine mota suka koma neman babur. A watan Yunin 2023 kuma aka saki farashin canji, naira ta faɗi. Bajaj Boxer da TVS daga Indiya suke, Jincheng da Haojue da Lifan daga ƙasar Sin, kuma ko da a nan gida aka harhaɗa su, kayan haɗin da dala ake shigo da su. Sai sabon babur ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi.

Tsadar ta yi aiki ta fuska biyu, kuma ta biyun ce ba a cika lura da ita ba. Ta tura masu saye kasuwar na hannu, gaskiya ne. Amma ta kuma sa masu babur suna jinkirta juye da canjin sarƙa, saboda baƙin mai da kayan gyara su ma sun tashi. Baburin da ke zuwa hannun dillali yau ya fi na shekarun baya ɗauke da bashin gyara.

Akwai kuma tambayar wane aiki ya yi kafin ya zo gare ka. Kano ta hana acaɓa a cikin birni tun Janairun 2013, amma a ƙauyuka da garuruwa da dama har yanzu shi ne abin hawa, kuma da yawa daga baburan kasuwa daga can suke dawowa. Wanda ya yi shekara ɗaya yana kabu-kabu ya ci hanyar da na malamin makaranta ba zai ci ba cikin shekaru. Kada ka dogara da mita, sau da yawa kebur ɗinta ya tsinke tun da daɗewa. Ka dubi robar wurin ɗora ƙafa, da bakin kik, da yadda kujerar baya ta lotsa. Su ba a cika tunawa a sabunta su ba.

Aibi daban, bashin gyara daban

Rigimar mai saye da dillali takan taso ne daga haɗa abubuwa uku a suna ɗaya, wato "ya lalace".

Na farko kayan da dama cinyewa suke yi: fulogi, baƙin mai, matatar iska, takalmin birki, sarƙa, kebur, ƙwan fitila, taya. Ko sabon babur ka saya, ranar canza su tana zuwa. Na biyu saiti ne, wato abubuwan da ke gocewa da tafiya sai an mayar da su: silo (juyin inji idan babur na tsaye ba a ja totur ba), sakin sarƙa, wasan kuloci, tafet (tazarar bawul ɗin inji). Waɗannan biyun su ne bashin gyara, kuma duk mai sayen na hannu ya kamata ya ware musu kuɗi tun kafin ya yi ciniki, kada ya zuba duk abin da ke aljihunsa a kuɗin babur.

Na uku shi ne aibi. Shasin da ya tsage aka yi walda aka rufe da fenti. Injin da ke shan baƙin mai. Giyar da ke fita da kanta ana cikin tafiya. Ƙara mai nauyi daga ƙasan inji kamar ana buga guduma. Wannan ba ƙaramin gyara ba ne, kuma idan mai sayarwa ya sani ya ɓoye, magana ta tashi daga ta gareji ta koma ta haƙƙi.

Ranar farko: lamba, sannan baƙin mai

Kafin ka kashe ko sisi a gyara, ka duba lambar inji da lambar shasi, ka gwada su da abin da ke rasit. Idan akwai alamar an goge ko an sake bugawa, ka dakata. Satar babura ba sabon abu ba ne, kuma rashin tsaro ya sa hukuma ta sa ido a kan wannan kasuwa. A 2021 gwamnatin Katsina har hana sayar da babura na hannu ta yi a kasuwar Charanchi, cikin matakan da ta ɗauka a kan 'yan bindiga. Takardar ciniki mai ɗauke da lambobin nan biyu da sa hannun shaidu ta fi kowane gyara muhimmanci, domin baburin da aka karɓe a shingen bincike bai amfane ka da sabuwar sarƙa ba.

Sai juye. Ko an rantse maka jiya aka yi, ka sake. Ba don ƙaryata mutum ba, sai don tsohon man shi ne zai ba ka labarin cikin injin ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ka bar inji ya ɗan yi ɗumi, ka tara man a kwano mai tsabta, ka kai shi rana. Baƙi ƙirin kawai na nufin ya daɗe. Idan yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, wani abu na cin ɗan'uwansa a ciki. Idan ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Idan kuwa ya fito da kauri fiye da kima, wani lokaci da gangan ake zuba mai kauri don ya danne ƙarar inji na ɗan lokaci, kuma za ka ji gaskiyar ƙarar bayan ka zuba na daidai.

Yawancin ƙananan baburan nan kusan lita 1 suke ci, wasu ƙasa da haka kaɗan, kuma sandar awo ita ce alƙali. Cikawa fiye da layi shi ma illa ne. Wanda aka fi amfani da shi a zafin ƙasarmu shi ne 20W-50, kuma ka nemi mai alamar JASO MA a jikin roba. Dalili shi ne a babur, kuloci a cikin man injin yake wanka, kuma wasu mayukan mota suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa farantansa zamewa. Man da ake aunawa a tsohuwar robar ruwa a bakin titi kuwa, ba mai sayarwar ba, ba kai ba, babu wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki.

Fetur, iska da wuta

Inji abu huɗu yake nema kafin ya tashi: fetur, iska, tartsatsin wuta, da matsi. Ukun farko duk a wajen inji suke, ana kai musu da sifana da sukudireba. Matsi ne kaɗai ke ciki, wurin fistin da ringi da bawul. Saboda haka duk wanda ya ce maka "sai an buɗe inji" alhali bai duba ukun farko ba, ya fara karatu ne daga ƙarshen allo.

Fara da fulogi, inji na sanyi. Launin bakinsa rahoto ne. Ruwan ƙasa-ƙasa, kamar launin gyaɗa soyayya, shi ne lafiya. Baƙi busasshe mai kama da gawayi na nufin fetur ya fi iska yawa. Baƙi mai maiƙo na nufin baƙin mai na hawowa inda bai kamata ba. Fari fat kamar alli kuwa na nufin fetur ya yi kaɗan, inji na zafi fiye da ƙima. Tazarar bakinsa a yawancin irin waɗannan babura milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Don gwada wuta, ka mayar masa da hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin fulogin da duk inda fetur ya jiƙa, ka taka kik ba tare da ka riƙe ƙarfen ba. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi ake so. Ja-ja mai rauni, ko mai zuwa yana ɗaukewa, na nuna fulogin ne ko hularsa ko koyil, mai tura masa wuta. Wajen mayarwa ka fara murɗawa da yatsu har ya zauna, sannan sifana. Kan injin na alminiyon ne, kuma ramin da aka ci zarensa da gaggawa ya fi fulogi goma tsada.

Matatar iska ita ce aka fi zalunta a Arewa. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin da ba kwalta tana toshe ta cikin ɗan lokaci, sai inji ya rasa numfashi, ya riƙa zuƙar fetur, fulogi ya yi baƙi, babur ya kasa jan kaya. Ta soso ana wanke ta da kananzir, a matse ba tare da murɗewa ba, a bar ta ta bushe, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan. Ta takarda ba a wanke ta, canzawa ake yi. Abin da ya fi damuna shi ne yadda za ka buɗe akwatin iskar baburin da aka saya ka tarar babu komai a ciki. Wani ya ga babur na shaƙewa, ya cire matatar ya yar, babur ya sake, shi ke nan a ganinsa ya yi gyara. Daga ranar kowace ƙura kai tsaye take shiga tana goge ringi da bangon silinda. Ta wannan ƙofar ce ƙaramar matsala ke zama aibi na gaske. Ka kuma duba robar da ta haɗa kafireta da inji. Idan ta tsattsage tana satar iska, silo ba zai taɓa zama wuri ɗaya ba, yanzu ya hau, an jima ya mutu.

Sai fetur. Makunnin da ke ƙarƙashin tanki yana da matsayi uku, ON da RES da OFF. Ka zare tiyon da ke zuwa kafireta ka buɗe shi a cikin roba. Ya kamata ya zubo a miƙe, ba ɗigo-ɗigo ba. Idan babur na tafiya lafiya sai ya mutu bayan 'yan kilomita, ka buɗe murfin tanki ka ji ya yi "fuu" kuma ya tashi nan take, to ƙaramin ramin iskar da ke murfin ne ya toshe. Mutane sun sha canza koyil da CDI, akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, a kan wannan.

Tsohon tanki yana tara tsatsa da ruwa a ƙasansa, musamman wanda ya kwana a waje da damina ko ya saba shan man 'yan bumburutu daga jarka. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yakan gangara ya kwanta a kofin kafireta. A ƙasan kofin akwai ƙusar zubarwa: ka rufe makunni, ka sassauta ta, ka tara abin da ya fito a kwalba mai haske, za ka ga ruwan ya ware a ƙasa. Idan sai an wanke kafiretar gaba ɗaya, abin da ya fi toshewa shi ne ƙaramin jet na silo, wanda raminsa bai kai kaurin allura ba. Da fetur da iska ake buɗe shi. Wanda ya zura masa allura ko waya ya faɗaɗa ramin, kuma ba ya komawa. Kafiretar da ke zubar da fetur ta tiyon ƙasa idan an ajiye babur, 'yar allurar da ke tsayar da mai ce ta ci ko datti ya tokare ta. Kafin a gyara, ka riƙa rufe makunni duk dare, don fetur ɗin da kuma don gobara.

Matse kafireta: tsimin da ke cin inji

Tun da fetur ya yi tsada wata al'ada ta yaɗu. Mutum ya je gareji ya ce, "Oga, a matse min kafireta, shan mai ya yi yawa." Bakanike ya murɗa ƙusar haɗin iska da mai, ko ya sauke allurar totur, babur ya rage sha, kowa ya yi murna.

Masu yin haka suna da hujja, domin kuɗin fetur kullum ake jinsa, na inji kuwa sai wata rana. Kuma gaskiya ne akwai baburan da saitinsu ya goce zuwa yawan mai, mayar da su daidai gyara ne. Amma a injin da iska ke sanyaya shi, fetur ɗin da ke shiga yana cikin abin da ke rage masa zafi. Idan aka matse fiye da ƙima sai ya riƙa zafi, ya yi ta harbi a salansa idan an saki totur, ya ƙi tashi da safe, a ƙarshe bawul ya ƙone. Baburan hannu da yawa da haka suke zuwa kasuwa, shi ya sa mai saye zai ga fulogi fari fat.

A jikin kafireta ƙusoshin saiti biyu ne. Mai sifirin a waje ita ke ɗaga silo ko sauke shi, kuma silon ƙananan babura yana wajen juyi 1,400 a minti, da inji mai ɗumi. Ɗayar ita ce ta haɗi. Idan za ka taɓa ta, ka fara murɗa ta ciki a hankali kana ƙirga juyi har ta zauna, ka rubuta adadin, don ka san inda za ka koma. Shan mai kuwa, sau da yawa maganinsa na wurin matatar iska, da iskar taya, da birkin da ke kamawa, da sarƙar da ta bushe.

Cok ma, wato abin da ake ja don inji mai sanyi ya samu ƙarin fetur ya tashi, ana yi masa mummunar fahimta. Baburin da ke neman cok da sanyin asuba a watan Disamba ba shi da ciwo, aikin cok ɗin ke nan. Wanda ba ya zama sai da cok ko da ya yi zafi, shi ne mai toshewar jet ko satar iska.

Abin da hayaƙi ke faɗi

Farin tururi da ke ɓacewa bayan minti kaɗan da safe raɓa ce a salansa. Baƙin hayaƙi yawan fetur ne, ka koma wurin matata da kafireta. Shuɗi-shuɗi mai warin ƙonannen mai shi ne abin tsoro a inji mai bugu huɗu, irin na Boxer da roba-roba. Idan da farkon tashi kawai yake yi sannan ya daina, an fi zargin robobin bawul. Idan yana ƙaruwa duk lokacin da aka ja totur, ga kik ya yi laushi ba ya tokare ƙafa, ga mai na raguwa a sandar awo duk sati, to ringi ne, kuma a nan ne maganar buɗe inji ta zama gaskiya. Tsofaffin AX100 na Suzuki da Jincheng daban suke. Masu bugu biyu ne, dama da man 2T suke ƙonawa tare da fetur, don haka ɗan hayaƙinsu halitta ce.

Sarƙa da kuloci

Ƙarar da ta fi tayar wa sabon mai babur hankali yawanci ta sarƙa ce. Ka ɗora babur a kan jaki na tsakiya, ka taɓa sarƙar a tsakanin faifan gaba da na baya masu haƙora, waɗanda bakanikai ke kira sifiroket. Wasanta sama da ƙasa ya kamata ya kasance milimita 20 zuwa 30, kamar faɗin yatsu biyu. Ka juya wili ka gwada a wurare da dama, domin tsohuwar sarƙa takan yi tauri a wani wuri ta saki a wani, kuma a inda ta fi tauri ake yin saiti. Ka daidaita alamomin saiti da ke gefe biyu na wilin baya, in ba haka ba tayar baya za ta karkace. Ɗaure ta tam kuskure ne da ya fi sakinta muni, saboda yana cin boris ɗin giya.

Idan haƙoran sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙaya, ko kana iya janye sarƙar daga bayan faifan har ka hango rabin haƙori, ta gama aiki. A nan mutane ke yin tsimin da bai kai ba, su yanke gaɓa ɗaya ko su sa sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora. Tare ake canza su ukun. Sarƙar da ta tsinke ko ta faɗi ana gudu tana iya kulle tayar baya.

Kuloci kuwa, kafin a ce farantai sun ƙare, a duba kebur. Hannun kuloci yana buƙatar ɗan wasa kafin ya fara ja. Idan babu wasan, inji zai yi ta kuka babur ba ya gaba. Idan ya yi yawa, giya za ta yi tauri, neman firi ya zama aiki. Kebur mai tauri a ɗiga masa mai, wanda silinsa ya fara warwarewa a canza shi tun bai tsinke a tsakiyar hanya ba.

Birki da taya, waɗanda ake bari ƙarshe

Abin da na sha gani shi ne mutum ya sayi babur yau, gobe ya sa sabuwar rigar kujera da sitika da hon mai ƙara, birkin gaba kuwa ba ya aiki sam. Akwai ma masu imanin cewa birkin gaba kayar da mutum yake yi, don haka gara a bar shi a mace. Alhali idan aka taka birki nauyi gaba yake komawa, kuma tayar gaba ce ke yin mafi yawan aikin tsayawa. Abin da ke kayarwa shi ne damƙe shi farat ɗaya a kan yashi ko a kwana.

A birkin da takalminsa ke cikin cibiyar wili, wasan abin takawa na baya kamar milimita 20 zuwa 30 ne, kuma ana gyara shi da goron da ke ƙarshen sandar. Idan an ɗaure goron har ƙarshe birki bai kama ba, takalmi ya ƙare. A jikin taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta tsattsage a gefe ta tsufa ko da zanenta bai goge ba, kuma man da ake shafa mata ta yi ƙyalli a kasuwa ba ya mayar da ita yarinya. Ka bi sifok ɗin wili da sifana kana ƙwanƙwasawa, mai sako-sako ƙararsa daban take. Ka ɗaga gaban babur ka juya kai hagu da dama. Idan yana sarƙewa a tsakiya ko yana ƙas-ƙas idan ka kama birki, boris ɗin wuya ne.

Wuta ba ta da dogon bayani. Cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6, idan inji na aiki kuma 13.5 zuwa 14.5. Kafin ka sayi sabo, ka goge kawunansa, ka duba fis, ka bi wayar da ke kama jikin shasi. Fis ɗin da aka maye gurbinsa da waya ko takardar sigari a cire shi yau.

Hannunka ko na bakanike?

Bakanikai suna ƙorafin cewa mai babur yakan lalata abu sannan ya kawo, ya ci kan ƙusa da filaya, ya ɓatar da sifirin, ya ɓoye abin da ya yi. Suna da gaskiya. Masu babur kuma suna ƙorafin cewa ana canza musu abin da bai mutu ba, ana gwaji da kuɗinsu, kuma yaron gareji ne ke yin aikin maigida na shan shayi. Su ma suna da gaskiya a wurare da yawa.

Rabon aikin a wurina a fili yake. Juye, fulogi, matata, sarƙa, kebur, fis da iskar taya na mai babur ne, kuma sifana mai lamba 8, 10, 12, 14 da 17, da ta fulogi da sukudireba biyu, sun ishe shi mafi yawansu. Saitin tafet, wanda tazararsa ke wajen milimita 0.05 a ƙananan injuna, na bakanike ne, kuma wanda ke da ma'aunin tazara, ba mai yi da kunne ba. Haka farantan kuloci, boris, da duk abin da ya shafi buɗe inji. Wayoyin da aka yi wa ɗaure-ɗaure na riwaya ne.

Kayan gyara kuma hawa-hawa ne. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kayan da ke tahowa daga Nnewi, abu ɗaya za ka same shi da farashi biyu ko uku a kwali kusan iri ɗaya. A murfin gefe ko madubi, mai araha ba laifi. A takalmin birki, sarƙa da taya, arahar ba ta ado. Ka tsaya a kan aikinka, ka ce a ba ka tsohon abin da aka cire, kuma a riƙa canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, don a san wanne ne ya yi maganin.

Idan ya tabbata aibi ne

Dillalai sukan ce, "Ka gani ka saya, ciniki ya faɗa." Wannan magana tana aiki a kan abin da ido ke gani da kayan da ke cinyewa. Ba wanda zai mayar da babur don fulogi. Amma malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa wanda ya tarar da tsohon aibi mai rage daraja, wanda aka ɓoye masa lokacin ciniki, yana da zaɓin mayarwa, kuma hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu sananne ne a kowace kasuwa. Sau da yawa ma dillalin kansa bai san cikin injin ba, shi ma karɓa ya yi, don haka a je masa da hujja ba da zagi ba.

Lokaci ne ke kashe irin wannan ƙara. Wanda ya yi wata biyu yana hawa sannan ya dawo, za a ce a hannunsa ya lalace. Wanda ya bari bakanikensa ya sauke inji kafin ya sanar da mai sayarwa, za a ce yaronsa ne ya ɓata. Don haka ka ajiye tsohon man da ka juye a roba, ka ɗauki hoton fulogi da wurin waldar, ka kira shaidun ciniki da shugaban 'yan kasuwar idan akwai. Ka nemi a haɗu da sassafe, babur ya kwana bai tashi ba, kowa ya sa hannu ya ji injin da sanyi, sannan a taka kik a gaban jama'a a dubi abin da zai fito daga salansa.